Ranar Da Kwamfutar Sakatare Ta Daina Ganin Faifanta Na Biyu

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, mai sana'ar gyaran kwamfuta, ya gabatar a taron shekara-shekara na bana. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana.





Lokacin da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi magana bana, sai na ce masa ya sake shawara, domin a cikinmu akwai alƙalai da likitoci da malaman jami'a, ni kuwa aikina kwance noti da busa ƙura. Sai ya ce ai saboda notin ne aka zaɓe ni, kuma ya yarda in tona asirinsa a gaban jama'a, in dai hakan zai hana wani faɗawa ramin da ya faɗa. To, ranka ya daɗe sakatare, kai ka ba da izini.

Kun tuna cewa a shekarun baya ƙungiya ta yanke shawarar tattara tarihin makaranta. Aka bi gida-gida ana karɓo tsofaffin hotuna, aka ɗauko rajistar shiga makaranta daga sito, da takardun tarurrukanmu, aka ɗauki hoton kowace takarda aka zuba a kwamfutar ofishin sakatare. Domin kada wuri ya yi kaɗan, aka sayi faifan ajiya na biyu mai terabait 1 aka ƙara mata a ciki, aka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Faifan ajiya shi ne abin da 'yan kasuwar kwamfuta suke kira had dis, kada Malam na Arabiyya ya ɗauka hadisi zan karanta. Da aka gama aikin aka mayar wa kowa hotonsa. Daga cikin waɗanda suka ba da aron akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kuma ba mu san inda kayansu suka shiga ba. Rajistar kuwa, gara da yoyon kwano sun gama da rabinta. Wato dai abin da ke cikin faifan nan, ga mafi yawan takardun, shi ne kaɗai ya rage a duniya.

Wata safiya da daminar bara sai ga wayar sakatare. Da jin muryarsa na zaci rasuwa aka yi. Ya ce ya kunna kwamfuta, komai yana aiki, amma ya duba inda ya saba ganin harafin D babu shi, C kaɗai ya gani. Ya kashe ya kunna har sau uku, shiru. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ta, ya ce a'a. Zan dawo kan wannan a'a ɗin nan gaba.

Kafin in faɗi abin da muka yi, ya kamata mu san mene ne wannan faifai. Waɗanda suka san garmaho sun riga sun fahimci rabinsa. A cikin ɗan akwatin ƙarfen nan akwai fayafai masu santsi kamar madubi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, ƙaramin inji yana juya su, akasari sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Mai 7,200 yana zagaye 120 ke nan a daƙiƙa guda. Akwai hannu mai ɗauke da allura da ke rubutu da karatu. Bambancinta da allurar garmaho shi ne ba ta taɓa faifan, iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tana shawagi a tazarar da gashin kan mutum ya ninka ta sau dubbai a kauri. Saboda haka ƙwayar ƙura ɗaya a wurinta tamkar dutse ne a kan hanya. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a 1956. Tana da fayafai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta kimanin tan guda, amma abin da take ɗauka haruffa miliyan 5 ne kawai. Hoto ɗaya mai kyau na wayar hannun yau zai iya cika ta. Yanzu akwai sabon samfuri, SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, amma namu na gargajiya ne, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan. Idan kwamfuta ta daina ganin faifai, ba ta ce kayanka sun ɓace ba. Abin da ta ce kawai shi ne ta kira suna ba a amsa ba. Ku tuna kiran suna na dare a ɗakin kwana. Idan aka kira yaro aka ji shiru, ba a zuwa a shaida wa iyayensa cewa ya mutu. Wataƙila yana kwance ba lafiya, wataƙila ya tsallake katanga ya tafi kallon sinima, kamar wasu da nake hange yanzu da manyan riguna, wataƙila kuma yana nan tsaye amma sunansa ne ya faɗi daga takarda. Kowanne da maganinsa. Haka faifai yake. Tsakaninsa da idonka akwai matakai: sai ya sami wuta, sai wayar saƙo ta haɗa shi da babban allon kwamfuta, sai Bayos ya gan shi, sai Windows ta gan shi, sa'an nan ta iya karanta taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake. Aikin mai gyara shi ne ya gano a wane mataki aka tsaya, kuma ya fara daga ƙasa, ba daga sama ba.

Da na isa ofishin ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Na sa aka kashe fanka da janareta mai ƙara na maƙwabta muka roƙe su minti biyar, na buɗe murfin gefe, na kunna, na kasa kunne. Kunne shi ne kayan aiki na farko a wannan sana'a. Lafiyayyen faifai za ka ji ya ɗauki juyi a hankali har ya daidaita, sai 'yar ƙara kaɗan ta hannun allura, sai ya natsu, kuma in ka ɗora yatsa a bayansa za ka ji yana ɗan kaɗawa. Idan ka ji shiru ƙwarai, babu juyi babu kaɗawa, to ko dai wuta ba ta isa gare shi, ko ɗan allon da ke manne a cikinsa ya ƙone. Idan ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, yana maimaitawa, allura ce ta kasa gane inda take, tana zuwa tana komawa. Idan kuwa ka ji ƙara kamar ana goga ƙarfe a kan dutse, ko wani ɗan kuka siriri ba tare da juyi ba, to ka zare wuta nan take. Irin waɗannan biyun na ƙarshe ba aikin gida ba ne, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya kankare fuskar faifan. Abin da aka kankare kuwa ya zama gari, babu gwanin da zai dawo da shi.

Namu shiru ya yi. Na ji daɗin wannan shirun, domin a cikin cututtukan nan shi ne mai sauƙi.

Sai na kashe, na zare waya daga bango, na taɓa ƙarfen akwatin da hannu domin in sauke wutar da jiki ke tarawa, musamman da hunturu, wadda ke iya lalata ƙananan kayan ciki. Kowane faifai irin na yau, wato SATA, wayoyi biyu ke shiga cikinsa: siririya mai haƙora 7 ta saƙo, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Babban faifai na kwamfutar tebur yana buƙatar wuta iri biyu, bolt 12 domin injin da ke juya shi, da bolt 5 domin allonsa. A al'ada jar waya ita ce ta 5, rawaya ita ce ta 12, baƙaƙen kuma na ƙasa ne. Da na bi wayar wutar faifanmu sai na tarar ba daga akwatin wuta ta fito kai tsaye ba. Wanda ya ɗaura faifan ya rasa bakin da zai soka, sai ya sayo 'yar waya mai rassa biyu ta araha ya raba wutar. Bakin nan ya yi baƙi, robarsa ta narke a gefe ɗaya, har da ɗan warin ƙuna. Allah ne ya kiyaye ba gobara aka yi ba. Na jefar da ita, na ciro wayar na'urar karanta CD wadda ba mai amfani da ita, na ba faifan. Da na kunna sai na ji ya ɗauki juyi. Sakatare ya yi hamdala har da ɗaga hannu. Na ce masa ya dakata tukuna.

Ƙa'idar wannan mataki ita ce ka canja abu ɗaya, ka gwada, kafin ka canja na biyu. Ka sauya wayar saƙo da wadda ka tabbata tana aiki. In bai yi ba ka sauya kafar da take shiga a babban allo. In bai yi ba ka kai faifan wata kwamfuta. Wanda ya sauya komai a lokaci guda, ko da ya dace, bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe in ta sake zai koma farko. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane a sababbin kwamfutoci: a wasu allunan, da zarar ka soka ɗan siririn SSD a gurbin da ake kira M.2, sai wata kafar SATA ɗaya ko biyu ta daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Littafin allon yana faɗin wace kafa ce. Na sha ganin mutum ya ƙara sabon faifai yau, gobe ya zo yana kukan tsohon ya mutu, alhali kafa kawai za a sauya masa.

Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta tare da mu a shekarun 1990 za su tuna wahalar ta fi haka. A lokacin IDE ake yayi, faffaɗar waya mai kama da ɗamara, bakinta mai ramuka 40, da jan layi a gefe guda wanda dole ya fuskanci haƙori na ɗaya. Faifai biyu suke hawa waya ɗaya, saboda haka tilas a naɗa ɗaya babba ɗaya ƙarami, da wata 'yar roba da ake kira jamfa, ba jamfar sawa ba. In ka naɗa su duka biyun babba, to ka yi monita biyu a aji ɗaya, wani lokaci kwamfuta ta ƙi ganin ko ɗaya. Ga kuma iyakar girma: tsohon Bayos ba ya ganin abin da ya wuce megabait 528, daga baya iyakar ta koma gigabait 8.4, daga baya 137. SATA ta fara yaɗuwa daga 2003, kowane faifai da wayarsa, aka huta da jamfa. Amma wanda yake da tsohuwar na'ura a sito mai ɗauke da takardun mahaifinsa, wannan ilimi yana da sauran amfani a gare shi.

Mataki na gaba shi ne Bayos. Shi ne ɗan shirin da ke zaune a babban allo, wanda ke farkawa kafin Windows ya ƙirga abin da ke haɗe da na'ura. A sababbi sunansa UEFI, amma bakinmu ya saba da tsohon suna. Ana shiga ta danna Del ko F2, a wasu F10, daidai lokacin kunnawa. In ka ga sunan faifanka da girmansa daidai, to wuta da waya sun kuɓuta. In ka ga sunan a hargitse, ko girman ya koma sifiri, faifan ne ba shi da lafiya a can cikinsa. Ku duba kwanan wata ma a wurin. In agogon ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, shi ne ya mutu, kuma Bayos ya manta saitin da aka yi masa. Namu ya fito da sunansa da girmansa cif.

Muka shiga Windows. Har yanzu babu D.

A nan ne mafi yawan mutane suke hallaka kayansu, saboda haka ina roƙon ku ba ni hankalinku. Wurin da kuka saba ganin C da D ba ya nuna duk abin da Windows take gani, yana nuna waɗanda aka ba harafi ne kawai. Cikakkiyar rajistar tana wani shiri mai suna Disk Management. A can za ka ga kowane faifai an zana shi kamar gona, da iyakokin rabonsa. Wani lokaci faifan yana nan lafiya ƙalau, harafi ne kawai ba shi da shi, sai ka ba shi, a minti ɗaya an gama. Wani lokaci Windows ce ta ajiye shi gefe don lambar shaidarsa ta yi daidai da ta wani faifan, abin da kan faru idan an kwafe wani daga wani, sai ka ce ta dawo da shi. Wani lokaci kuma faifan baƙo ne, an ciro shi daga kwamfutar Apple, ko mai Linux, ko na'urar kyamarar tsaro. Windows ba ta iya karanta rubutunsu, sai ta ce maka babu komai, kamar wanda bai iya ajami ba aka miƙa masa wasiƙa ya ce zane ne. Duk waɗannan ba ciwo ba ne.

Ciwon shi ne idan ka ga an rubuta RAW, ko aka nuna gonar duka babu rabo, ko wani akwati ya fito yana cewa sai an shirya faifan, ko sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. 'Yan uwa, amsar wannan tambaya a'a ce. Ko sau goma ta tambaya, a'a. Dalili kuwa shi ne, a tsohon tsari gurbin farko na faifai bait 512 ne kacal, kuma a cikinsa akwai layi huɗu, kowanne bait 16, da ke faɗin inda kowane rabo ya fara da inda ya ƙare. Bait 64 ke nan suke riƙe da iyakokin terabait guda. In ɗaukewar wuta ta ɓata su, duk hotunanka suna nan inda suke, taswirar ce ta yage. Sabon tsari mai suna GPT ya fi dabara, yana ajiye kwafin taswirar a ƙarshen faifai. Haka kuma tsarin NTFS na Windows yana da babbar rajista wadda ke riƙe da sunan kowane fayil da wurin zamansa. Fomat yana nufin a buɗe sabuwar rajista fara fat a kan tsohuwar. Mai sauri daga ciki yakan bar mafi yawan kayan a ƙasa, ana iya tono su. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, bin faifan yake yi gurbi-gurbi yana rubuta sifiri, kuma bayansa babu sauran magana.

Namu RAW ya nuna. Sai na juya na sake tambayar sakatare, tsakaninsa da Allah, ko wani ya taɓa na'urar nan. Ya sunkuyar da kai. Ashe tun makonni kafin wannan rana D yana ɓacewa yana dawowa, wato wayar nan tana ci a hankali, faifan yana mutuwa yana farfaɗowa a tsakiyar rubutu. Ashe kuma ya kira wani yaro mai gyara, yaron ya sa wani umarni mai suna chkdsk ya yi ta gudu har aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da aka koya masa ke nan, kuma a kan lafiyayyen faifai umarnin yana da amfani. Amma aikinsa shi ne ya daidaita rajista ko ta halin ƙaƙa, in ya ga layin da bai gane ba yana iya yanke shi. A kan faifai mai ciwo, garin neman gira sai a rasa ido.

Daga nan ban ƙara barin Windows ta taɓa shi ba. Na ɗauke shi zuwa shago, na fara tambayarsa lafiyarsa. Kowane faifai yana riƙe da katin asibitinsa da kansa, ana kiran tsarin SMART, kuma akwai shirye-shirye na kyauta irin su CrystalDiskInfo da ke karanta shi. Layukan da na fi dubawa su ne na 5, adadin guraben da suka lalace aka musanya su, da na 197, waɗanda ake zargi ba a yanke musu hukunci ba, da na 198, waɗanda suka gagara. Namu na 197 ba sifiri ba ne, kuma yana hawa ina kallo. A 2007 injiniyoyin Google sun buga nazarin da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka kama shi da kuskuren farko a binciken fuskarsa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma sun kuma gano cewa fiye da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a katin ba. Wato in katin ya ce akwai ciwo ka gaskata shi, in ya ce lafiya kada ka saki jiki.

Faifai irin wannan ba gyara shi ake yi ba, kwashe shi ake yi. Na sayo wani mai terabait 2, na tayar da na'ura da Linux, na sa wani shiri mai suna ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Hikimarsa irin ta mai kwashe kaya daga ɗakin da ke rushewa ce: yana fara ɗibar duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, in ya ci karo da wuri mai wuya ya tsallake, sai a ƙarshe ya dawo yana lallaɓa wuraren da ya bari. Kuma yana rubuta inda ya tsaya, saboda haka in aka ɗauke wuta, wanda kun san ba sai na faɗa ba an ɗauke, zai ci gaba daga nan. Kwana uku ya yi. Sakatare yana bugo waya bayan kowace salla. Abin da ya gagara karantuwa bai kai cikin cokali ba in aka kwatanta da girman faifan, sai dai wani ɓangarensa ya faɗa a cikin babbar rajistar nan da na ambata.

Bari in ratse kaɗan in yi maganar magungunan gargajiya na wannan sana'a, domin na san za a ba ku shawararsu. Wani zai ce a sa faifan a firji ya kwana. Kada ku yarda, in ya fito raɓa ce za ta kwanta masa. Wani zai ce a ɗan buga shi da sukudireba. Wani zai kwance murfin a kan teburin shago domin ya leƙa, a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunya a rufe. Masu wannan aiki na gaskiya a ɗaki na musamman suke buɗewa, mai tace iska, kuma kuɗinsu ya ninka kuɗin faifan sau da yawa. Wani kuma zai ce a ciro allon wani faifai irinsa a ɗaura. A faifan zamanin nan hakan ba ya yi sai an ɗauke wani ɗan guntu mai riƙe da saitin wannan faifan shi kaɗai an mayar a kan sabon allon. Masu SSD kuwa su sani cewa nasu ba ya ƙara, ba ya gargaɗin da kunne zai ji, kuma abin da aka goge a cikinsa yakan share shi da kansa ba da jimawa ba. Wanda kuma aka kulle faifansa da BitLocker, ya nemi lambobin nan 48 ya rubuta su a takarda tun yau, domin ba tare da su ba ko ni ko wanda ya fi ni babu abin da za mu iya.

Da kwafin ya kammala na naɗe tsohon faifan na sa a durowa, duk sauran aikin a kan kwafin na yi shi, domin in na yi kuskure ina da wurin komawa. Na sa TestDisk, shirin kyauta na wani Bafaranshe, Christophe Grenier. Ya gyara gurbin farkon rabon daga kwafin da NTFS ke ajiyewa a ƙarshensa, sai ga jakunkuna sun bayyana da sunayensu. Rajistar shiga makaranta ta dawo duka, shafi bayan shafi. Takardun tarurruka sun dawo. Hotunan shekarun baya-bayan nan sun dawo. Jaka ɗaya ce ta ƙi, kuma ita ce wadda ta fi kowace daraja, ta tsofaffin hotuna marasa launi.

Domin ita na koma ga ɗan'uwan wancan shiri, PhotoRec. Shi ba ruwansa da rajista. Bin faifan yake yi tun daga farko har ƙarshe yana neman alamar da kowane hoto ke farawa da ita, in ya gani ya ɗauko. Ya tono hotunan, in ban da 'yan kaɗan da suka fito rabi hoto rabi toka. Sai dai suna a rajista yake zaune, ba a jikin hoto ba. Lokacin da aka yi aikin tattarawa, a sunan kowane fayil aka rubuta shekara da aji da sunayen waɗanda ke ciki, kamar yadda masu hoton suka faɗa da bakinsu. Yanzu kowanne sunansa harafin f da jerin lambobi. Muna da fuskoki sama da ɗari huɗu a tsaye a gaban tsohon ɗakin taro, da 'yan ƙwallo, da 'yan fareti, da malamai a zaune a kan kujeru, ba mu san ko su wane ne ba.

Game da ajiya, kwamiti ya riga ya ɗauki mataki. Yanzu kwafi uku ne: ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a faifan tafi-da-gidanka da ke gidan ma'aji wanda ba a soka shi sai ranar sabuntawa, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet. An sayi batirin riƙe wuta domin na'urar ta samu ta kashe kanta a natse. Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauka faifai na biyu a cikin akwati ɗaya ajiya ce, alhali wuta ɗaya suke sha, zafi ɗaya suke ji, kuma ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su.

Saura sunayen, kuma wannan ba aikin sukudireba ba ne. Mun wanke hotunan duka, mun sa wa kowanne lamba, suna kan tebura a bayan zauren nan, da takarda da biro kusa da kowanne. Ina roƙon iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku, ku fara zuwa, domin akwai fuskokin da in ba ku ba babu mai gane su. Sai yayyenmu na sahun farko. Wanda ya gane ko mutum ɗaya ne ya rubuta, ya sa layi da matsayi, misali layin baya na uku daga hagu. Wanda yake shakka ya rubuta ya sa alamar tambaya, wani zai tabbatar. Hoto mai lamba 37 ni na riga na cike shi, domin yaron nan mai kunnuwa da gajeren wandon da ya fi ƙarfinsa na san shi, shi ne yake muku magana.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo.